Ranar da Na Zama Gawa a Aziziyya

Wahalar da na sha a ƙungiyar wasan kwaikwayonmu ta Hausawan Madina, ba zan taɓa mantawa da ita ba. Labulenmu zanin gado ne, ɗakin shirinmu sito ne a gidan taron da muka kama a unguwar Aziziyya don wasan Sallah. Shugabanmu, wani injiniya ɗan Kano, sai ihu yake. Mai fitowa a sarki yana neman rawaninsa, ashe mai shayi na can yana goge kofuna da shi.

Ni kuwa, bayan shekaru ina musu dakon kujeru, aka karrama ni da muƙami: gawa. (A waje cewa na yi ni ne uban tafiyar. Haka na faɗa wa Haj Hamid, ɗan Sudan da nake neman auren ƙanwarsa wadda mijinta ya rasu. Har gayyatarsa na yi, don bakina ba ya gajiya.)

Saboda zafi na tuɓe riga, daga ni sai singileti da gajeren wando. Suka naɗe ni cikin farin yadi, suka ɗaure sama da ƙasa, suka shimfiɗe ni a siton. Sai aka kira la'asar, kowa ya ruga masallaci. Wa ke tuna gawa?

Can na ji an turo ƙofa. Maigadi ne, wani tsoho ɗan Chadi, ya rako Haj Hamid ya gaisa da uban tafiya. Da ganina a naɗe suka ɗauki salati.

Da mai hankali ne, da ya yi magana. Ni na ga mutuwa ta fi kunya sauƙi, na ɗauke numfashi.

"Ko wane ne, ya dace, mutuwa a Madina!" in ji Haj Hamid. "Yalla, maza baba, kama ƙafafun, motata na waje. A yi masa salla bayan magariba a Harami."

Da na ji ni a sama na ce, "Ya Haj, a sauke ni, ban shirya ba."

Maigadi ya saki ƙafafuna, ya arce ya bar takalmansa. Haj Hamid ya kwance ni, ya daɗe yana kallon singiletin nan.

"Kai ne uban tafiyar?"

"Ai ni ake yi wa kuka, ya Haj."

"Wallahi ka iya. Amma ƙanwata ta yi takaba sau ɗaya, khalas, ya ishe ta."

Abin da na koya ke nan: in za ka mutu, mutu da rigarka. Washegari na mayar wa injiniya yadinsa, na ce ya nemi gawar da ta riga ta yi aure.