Mai Toshe Hanci a Bakin Get

"Lafiya lau. Ya iyalin? Au, ashe ni ce iyalin," in ji Sumayya, ta dire kwanon abinci gaban kakanta Malam Dalhatu, maigadin wani kamfanin jimar fata a Challawa. Ƙarfe biyu take da jarrabawa a makarantar koyon jinya, darasin da ta faɗi bara. In ta sake faɗuwa kora ce.

"Ai na sake ki tun jiya. Mace kullum fuska a kumbure kamar fanke!"

"Wa zai kwashe ka, baki ba haƙori? Ƙyale ni, tsoho, karatu ya ƙi shiga. Wai jikin mutum yana gane ƙwayar cutar da bai taɓa gani ba. Ta yaya?"

"Wannan ne ya kayar da ke? An yi asarar alli."

"Ji mai dangwala yatsa a takarda!"

"To ni na san ɓarayin Kano ne? Ma'aikatanmu ma ban haddace fuskokinsu ba. Duk wanda ya tunkaro get yana toshe hanci, ba namu ba ne. Ko ya ari rigar aiki da takalmin roba, warin jima sai ya tona shi."

Sumayya ta dube shi. Abin da malamarsu ta yi ta nanatawa ke nan: masu gadin jiki ba sa tambayar suna, alama suke dubawa, irin bango ko wutsiyar da ƙwayar cuta ba ta iya yarwa, namu kuma ba su da ita.

"In ka gan shi fa?"

"Usur! Jama'a su taru, wuri ya ɗau zafi."

"Kumburi da zazzaɓi ke nan," ta faɗa a hankali. Daɗi ya kama ta har ta ji ƙwalla.

Iska ta kwaso wari daga ciki. Ba ta ankara ba ta kai mayafi hanci. Nan take tsohon ya busa usur.

"Jama'a, ga ɗaya nan!"

Ta durƙushe tana dariya, sannan ta fiddo tsokar naman da ta ɓoye wa kanta a leda.

"Karɓi, farfesa. Ka ci gari."

Ya cire usur ɗin ya rataya mata a wuya.

"Je ki ki kama su. In kin ci, na mayar da ke ɗakinki."