Waƙar Kaka

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadin da na ba kakana waƙar da ba tasa ba, a gaban jama'ar cocinmu a East Greensboro, can Amurka.

A gidanmu can Kudancin Kaduna akwai wata waƙar yabo da kowa ke kira "waƙar Kaka". Kaka mai bishara ne, ita ce a bakinsa ko keke yake gyarawa. Ni kuwa tun ina yarinya na ɗauka shi ya tsara ta (ban taɓa tambaya ba, ai sunan ya faɗa).

Damuwata 'yata ce, Rahila. In yi mata Hausa ta amsa da Turanci, har ta taɓa ce min wai ba mu da komai namu sai tuwo. Maganar nan ta tsaya min a rai. Da aka sa ranar al'adu a coci, na ce za ta gani. Satin nan ban zauna ba: a wajen aiki ina rerawa, a mota ina rerawa, ɗankwali kuwa na ɗaura na kwance ba adadi.

Ranar na fita gaba, na karɓi makirufo. "Kakana ne ya rubuta wannan a ƙauyenmu," na ce da Turanci, har da dafa ƙirji. "Ba ku taɓa jin irinta ba."

Ban kai ƙarshen baitin farko ba, tsohuwar da ke buga piyano ta kama. Sai jama'a suka miƙe, kowa na rerawa da Turanci, ba mai duba littafi. Ni har na fara murna, wai Kaka ya yi suna a Amurka!

Da aka gama, Fasto ya yi bayani a hankali. Wani limamin coci ne a Ingila ya rubuta ta, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, mutum mai yawan ciwo wanda ya gaji da yadda ake jan waƙa a coci kamar ana gyangyaɗi. Anti Saratu, 'yar garinmu, ta raɗa min, "Ashe Kakanku Bature ne?" Wayyo, na so ƙasa ta tsage in shige.

A mota na kasa kallon Rahila. Mun tsaya a danja sai ta ce, da karyayyiyar Hausarta, "Mama, tasu ba ta kai ta Kaka daɗi ba. Sake daga farko."

Na sake, tana bi.

Har yau waƙar Kaka muke kiranta. Sai dai yanzu kafin in taɓa makirufo, ina kiran gida in tambaya: tasa ce, ko dai sonta kawai yake yi?