Burtu Mai Shadda

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da kakar da na fita harbin barewa a gonakin bayan Lambara ba. Ba ma halin in manta, tunda 'yan kasuwar Bodinga sun ɗauki nauyin tuna mini kullum. Shi ya sa na ga gara in ba da labarin da bakina, domin wanda ake yawo da shi a tasha an cika masa gishiri, har da cewa wai na yi kuka. Ban yi kuka ba. Idona ne ya kawo ruwa, kuma akwai dalili.

Ni tela ne, kuma ba cika baki ba, duk layinmu babu mai fitar da wuyan riga kamata. Amma asalin gidanmu a Mandera maharba ne. Bakan kakanmu da kwarinsa suna hannun Baffa, ƙanen mahaifina, wanda tsufa ya fara kamawa, kuma duk 'ya'yansa mata ne. Ina zaune a shago sai labari ya iske ni wai Baffa zai miƙa bakan ga Lawwali, ɗan maƙwabcinsa da ke bin sa daji. Raina ya yi mugun ɓaci. Ko zaren da ke bakin keke ban tsinke ba na hau babur sai Mandera.

Bayan mun gaisa na ce, "Baffa, ina raye za a hidda bakan gidanmu waje? Mi yah haɗa Lawwali da kakanmu?"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya tsaya a kan takalmina mai sheƙi. Ya ce, "Kai allura kas sani, ɗiyana. Amma tunda ka yi magana, in an yanke gero ka taho. In ka kada barewa, baka naka na. In ba ka kada ba, kak ka sake ta da zancen."

Na ce na yarda. (Ni da ko ƙadangare ban taɓa jifa na samu ba.)

Duk ranar da ba kasuwa sai in je ya koya mini jan tsarkiya da aikin burtu. Ga wanda bai sani ba, barewa ba ta yarda mutum ya matso ta, amma ba ta tsoron burtu, baƙin tsuntsun nan mai dogon baki da ke kiwo a ƙasa. Saboda haka maharbi yakan ɗaura kan burtu na itace a goshi, ya lulluɓe jikinsa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana caccakar ƙasa da bakin har ya kai inda kibiya za ta isa. Doka ɗaya Baffa ya yi ta nanata mini: "Komi kaj ji bayanka, kak ka waiga, kuma kak ka bar cin ƙasa. Da ka waiga barewa ta gane mutum na."

Da lokaci ya matso Baffa ya ba ni kan burtun da zanen lulluɓin in je gida in ƙara gwadawa. Jama'a, zane fa na ce don mutunci. Tsumma ne. Ya sha hayaƙi, ya sha zufa, ya sha jinin dabbobin da suka mutu tun ba a haife ni ba, ga faci a kan faci, ɗinkin kamar da ƙafa aka yi shi. Matata ta ce ko shi ko ita a ɗakin. To, a nan nake son mai karatu ya yi mini adalci. Akwai wanda ya ce mini dattin nan yana cikin aikin? Babu. Baffa ya yi ta zancen waige, bai taɓa buɗe baki ya ce warin tsumman ne ke ɓoye warin mutum ba, ko laushinsa ne ke hana shi ƙara. Ni kuwa tela ne, ba zan shiga gaban jama'a da wannan abin kunya a bayana ba.

Sai na yanko baƙar shadda mai maiƙo, na ɗinka lulluɓi na gani na faɗa. Na fitar masa da fikafikai, na yi musu farin aiki a gefe saboda burtu yana da farin gashi a fiffike (wannan kam ko Baffa bai musa ba). Na sa aljihun waya daga ciki. Na kai wa masu bugu na ce su ninka sitaci, ya dawo yana tsayawa da kansa. Tsumman kuwa na jefa ƙarƙashin keke ina goge mai da shi. Ban gaya wa kowa ba, so nake in ba su mamaki.

Ranar fita muka yi ta yawo tun safe, don barewa ta yi ƙaranci yanzu, sai an wahala ake ganin ta. Da hantsi ya ɗaga Lawwali ya hango guda tana kiwo a wata gonar da aka girbe, kusa da shanun Fulani da ke cin karmami. A bakin gonar akwai mata masu kalar gero sun zauna hutawa gindin gawo. Baffa ya roƙe su su yi shiru, shi da Lawwali suka tsaya tare da su, ni kuma ya ce in zagaya ta inda iska ba za ta kai mata warina ba. Na shiga bayan sabara, na tuɓe riga saboda zafi, daga ni sai singileti da gajeren wando, na ɗaura kan burtun, na yafa shaddata, na fito da rarrafe.

Kwaram. Kwaram. Kwaram. Duk motsi ɗaya sai shaddar ta amsa, rana kuma ta dake ta tana walƙiya kamar sabon kwano. Barewa ta ɗaga kai ta zuba mini ido. Na ce a raina ta ga burtun da bai taɓa zuwa unguwarsu ba ne, na ci gaba da caccakar ƙasa da iya ƙarfina. Ƙarangiya ta cika mini gwiwa, tushiyar kara tana suka ta, ban fasa ba.

Can sai na ji ana jan lulluɓin ta baya. Na ce ƙaya ce. Aka sake ja, da wani huci mai ɗumi a bayan cinyata. Zuciyata ta ce waiga, na tuna dokar Baffa, na ƙi. Na yi gaba, abin ya yi baya, sai na ji iska tana shiga inda bai kamata ta shiga ba. Ashe wata jar saniya ce ta shinshino sitacin rogo, ta kama gefen shaddar tana taunawa a hankali, har ta zare ta gaba ɗaya daga jikina.

Ni kuma ban daina ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Umarni na bi! Ga ni magidanci mai iyali, a tsakiyar fili, gwiwa da hannu a ƙasa, ƙugu a sama, gajeren wando mai zanen furanni (ragowar atamfar matata ce, tela ba ya zubar da ƙyalle), da kan tsuntsu a goshi, ina ta sarar ƙasa bil haƙƙi.

Wata tsohuwa a cikin matan ce ta fara kasa daurewa. Ta ce, "La ilaha illallahu! Wanga burtu an hige shi da rai!"

Gindin gawo ya kece da dariya. Na ga asiri ya riga ya tonu, na ce bari dai in yi harbin. Na miƙe a kan gwiwa, na ɗana kibiya, na ja, na saki. Tsarkiya ta kama dogon bakin burtun, ta fizgo kan itacen ya daki karan hancina. Dalilin ruwan idon ke nan. Kibiyar ta faɗi gabana kaɗan, kusa da kashin shanu. Ita kuwa barewa ko gudu ba ta yi ba. Ta ƙare mini kallo, ta kaɗa wutsiya, ta tafi tana taku ɗaya-ɗaya. Da ta yi gudu ma da na ji sanyi, a ce dai ta ɗauke ni a bakin wani abu.

Bafillatani mai shanun ya ƙwato abin da ya rage na shaddar daga bakin saniyarsa ya miƙo mini, jiƙe da yawu. Maimakon ya ba ni haƙuri, cewa ya yi in ta yi ciwon ciki ni zai nema. Lawwali yana kwance a ƙasa yana riƙe da ciki. Baffa kaɗai ne bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya karɓi bakan daga hannuna, ya share shi da hannun rigarsa, ya ce, "Ina zanen da nib ba ka?"

Na ce yana shago. Ban faɗi aikin da yake yi a can ba.

Ya ce, "Kakanka yaɗ ɗinka shi da hannunai. Kowane faci da kag gani, barewa guda ta." Ya juya ya rataya wa Lawwali kwarin a kafaɗa, a gabana, a gaban matan.

Washegari na mayar da tsumman Mandera yana warin man keke. Baffa ya shinshina, ya miƙo mini kan burtun da bakinsa ya tsage, ya ce wannan ne gadona. Yana nan rataye a shagona, kuma sunan da aka laƙa mini, Burtu Mai Shadda, har a bakin yaran mota. Har gobe ina nan a kan bakana cewa rabin laifin na Baffa ne da bai yi bayani ba, sauran kuma na saniya. Amma tun daga ranar, duk tsohon da ya kawo mini tsumma ya ce a yi masa faci, facin kawai nake yi. Ko wari yake kamar mushe, sai in toshe hanci in tambaye shi wa ya ɗinka.