Ranar da Na Kori Gidan Igwai da Kalma Ɗaya

Ko me zan manta, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka zo duba koyarwata. Ina ɗalibin koyon malanta, an turo ni wata firamare a unguwar Gidan Igwai da ke Sakkwato, kuma makin ranar ne zai sa in gama ko in maimaita shekara.

Darasina kalmar Turanci ce guda, "run", wato gudu. Na sha karatu a kanta, har na gano ta tsufa tun kakannin Turawa, kuma a wurinsu ruwa ma gudu yake yi, inji ma haka, har hancin mai mura. Na zuba wa 'yan aji uku wannan duka, suka zuba mini ido kawai. Mai dubawar bai iso ba tukuna. Na tuna an koya mana cewa yaro da gani yake ganewa, sai na tattare riga na ce, "Ku biyo ni! Run!"

Na fita a guje, aji guda na bayana suna ihu. (Abin da kwaleji ba ta koya mana ba, a Sakkwato ba a ganin mai gemu yana gudu a tsaya tambaya.) Masu masa da awara na bakin ƙofa suka watsar da farantai. Sauran azuzuwa suka fito ta taga. Can gaba kuwa wani dattijo mai babbar riga ya tsere wa kowa, takalmi ɗaya a ƙafa. Mai dubawar ne, isowarsa ke nan.

A bayan shagon wani tela muka same shi yana haki.

"Mi yaf faru?" ya ce. "Gobara ta?"

"Ranka ya daɗe, Turanci nika koya musu."

"Kai wanga yaro! Ka kori unguwa guda, ka ce min Turanci?"

Kunya ta rufe ni kamar in nutse, amma na dake. Na ce ya tambayi duk wanda ya so cikinsu. Ya nuna wata 'yar ƙarama, ya tambaye ta ma'anar kalmar.

Ta ce, "Abin da kay yi yanzu, Baba."

Ya ba ni makin tsira, bai ƙara ko ɗaya ba, bisa sharaɗin kada maganar ta kai kwaleji. Har gobe ban yarda na yi kuskure ba, darasi ya shiga. Na dai koyi cewa kafin malami ya koyar da gudu a garin nan, ya fara sanar da mai unguwa.