Yaƙin Alwatika a Ajin 'Yan Shekara Uku

Wannan shi ne tarihin Ƙamariyya 'yar Malam Tambaya mai gyaran rediyo, ɗan Alhaji Nabage wanda ya taɓa ja da tela a kan ranar karɓar ɗinki kuma ya yi galaba, jikar Iya Kande ta wajen uwa, wadda kulikulinta ya sauke haƙoran dattawa masu daraja. Ita ce gwarzuwa mai hijabi ruwan toka, garkuwar bencin baya a ɗakin lacca, ɗalibar ajin ƙarshe a fannin ilimin ƙananan yara, wadda jami'a ba ta taɓa jin muryarta ba sai wajen kiran suna.

A bara ta faɗi koyarwar gwaji, domin yara ba su ji abin da take faɗa ba, mai dubawa ma ba ta ji ba. Idan ta sake faɗuwa bana, abokan karatunta za su tafi bautar ƙasa su bar ta tana maimaita shekara.

Malaman tsangaya sun daɗe da yanke hukunci cewa kayan koyarwa su fito daga abin da yaro ya sani a gidansu. Sauran ɗalibai, ma'abota ƙaramar himma, suka yanka kwali. Ƙamariyya kuwa ta nufi zauren kakarta, ta zauna gaban tunkuza kamar maƙeri gaban uwar maƙera, ta mulmula da'ira, ta daddale murabba'i, ta fitar da alwatika mai kusurwa uku ras, aka soya su har suka yi ja. Ta ɗauko su a kwanon silba cikin a-daidaita-sahu, tana rungume da shi kamar baitulmali.

Ranar gumurzu, wato ranar koyarwar gwajin bana, Dakta Balaraba mai dubawa, wadda jan bironta ya tsayar da zuriya guda a aji ɗaya, ta zauna a bayan aji a kan kujerar yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. A gaba kuma runduna ta yi sahu a kan tabarma, majina na sheƙi, takalma a juye, ƙarƙashin jagorancin Mujittaba, barde ɗan shekara uku wanda ya taɓa cizon maigadi ya kwana lafiya.

Ƙamariyya ta ɗaga alwatika sama, ta ce da muryar da ba ta wuce gaban hijabinta ba, "Yara, wannan mene ne?"

"Kulikuli," in ji rundunar baki ɗaya.

Ba su yi ƙarya ba. Amma littattafai sun ce yaro da hannu yake koyo, don haka ta bi umarnin magabata, ta raba wa kowa ɗaya domin ya shafa ya ji kusurwa. Mujittaba ya ji kusurwar da turamen haƙoransa. Ƙarar ta ratsa ajin kamar tambarin yaƙi, kafin ƙiftawar ido murabba'i ya faɗi, da'ira ta miƙa wuya, ilimin siffofi gaba ɗayansa ya koma garas-garas.

"Mujittaba, ba na ci ba ne, tofar," ta ce. Ya haɗiye yana kallon ta.

Sai rundunar ta taso wa kwanon. Gwarzuwa ta ja da baya har ta jingina da allo, ta ɗaga kwanon bisa kanta, ƙananan hannuwa masu maiƙo suna jan gefen hijabinta ta gabas da yamma, wani na hawa ƙafarta kamar katangar birni. Ta hango jan biro yana motsi a bayan aji. Ta hango shekara guda cur tana tafiya. A nan ne, cikin wannan ƙunci da tsanani, wata murya da ba a san da ita ba a dangin Nabage ta fito daga ƙirjinta, har malamar ajin kusa ta leƙo.

"Kowa ya zauna! Wanda bai faɗi sunan abin da yake so ba, ba zai samu ba."

Aka zauna. Aka yi tsit.

"Anti, alwatika," in ji Mujittaba.

"Ni murabba'i, Anti, ƙato."

Wata 'yar mitsitsiya mai suna Ilham ta dawo da nata tana kuka, wai da'ira aka ba ta, ita mai kusurwa ta ce. Haka aka yi ta fafatawa, suna faɗa tana biya, har kwanon ya koma fayau, aka buga ƙararrawa.

Dakta Balaraba ta miƙe da taimakon bango, ta tako a hankali ta cikin ɓarɓashi, ta rufe bironta.

"Kin haye, amma da ƙyar," ta ce. "Gobe ki yanka kwali kamar kowa. Kuma ki gaya wa mai suyar cewa gishirin ya yi yawa."

A nan marubuta tarihi suka ajiye alƙalami, domin gwarzuwar ta tafi aron tsintsiya.