Ranar da Na Kayar da Surukina a Kan Iyaka

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Turawa suka iso Araba shata iyaka tsakanin ƙasar Ingila da ta Faransa. A lokacin ina ango, kuma ina ji da kaina, don na taɓa zuwa birnin Sakkwato na ga wayar tangaraho da idona. (Gani kawai na yi, amma a gari na ce har gaisawa na yi da mutumin Legas ta cikinta.)

Abin da ya tayar mana da hankali rijiyar surukina ce, Malam Bawa. Shi ya haƙa ta da hannunsa, kuma ita kaɗai ce ba ta ƙafewa da bazara. Ana ta raɗe-raɗin cewa in ta faɗa arewa, wajen Faransa, sai da takarda za mu jefa guga.

Bature ya kafa wani madubi mai ƙafa uku. Aka ba Malam Bawa doguwar sanda mai zane ya tsaya can nesa, ana yi masa nuni da hannu, har aka tsayar da shi kudu da rijiyar. Tafinta ya ce nan za a kafa turken iyaka. Wato rijiya ta tafi ke nan. Ni kuwa bakina ya ƙi zama.

"Wanga madubi ai na san shi, akwai irinai birni," in ji ni.

Tafinta ya fassara, Bature ya yi murmushi ya ce bismilla. Na gyara rawani, na kanne ido ɗaya, na leƙa.

Jama'a, sai ga surukina ƙafafu sama, kai ƙasa, yana reto! (Ban tsaya na tambayi kaina me ya hana rigarsa zazzagowa ba.)

"Wayyo! Sun kihe Baba!" Na kwasa a guje, rawani na warwarewa. Ni da ko ido ba na haɗawa da shi saboda kunya, na rarumi ƙafafunsa don in juyo shi daidai. Mutumin da ke tsaye lafiya lau, na maka shi da ƙasa.

"Kai, mi na yi maka?" in ji shi, bakinsa cike da rairayi.

Gari ya ɗauki dariya, Bature har da riƙe ciki. Na ji kamar in faɗa rijiyar in huta. Malam Bawa ya tashi ya biyo ni da sandar, muka kewaya rijiya sau biyu, sannan ya ja ya tsaya yana haki, ya dafe sandar a ƙasa. Bature ya share hawaye, ya ɗaga hannu, leburori suka zo suka buga turke a inda sandar take.

Sai da aka watse na lura: arewa da rijiyar surukina ya tsaya, wato rijiya ta dawo wajenmu.

Washegari na je ba shi haƙuri, kaina a sunkuye. Ya miƙo mini ƙwaryar ruwa ya ce, "Sha, na ƙasarmu na. Amma kak ka ƙara taɓa ƙahwata."

Har yau mutanen Araba suna kirana Kihe-Baba, ni kuma amsawa nake da ƙarfi, don jikokinsu daga wannan rijiya suke sha ba tare da takardar kowa ba. Abin da na koya shi ne, in sabon abu ya nuna maka duniya a kife, buɗe ɗaya idon kafin ka ruga. In kuwa ka riga ka ruga, to Allah ya ba ka suruki mai wayo.