Sakiyar Dokin Abarshi

A zamanin da fatake ke zuwa Ikko a ƙafa, Allah ya yi wa Birnin Gwari baiwa da Abarshi ɗan Maliki, mutumin da ke sanin abu tun kafin a gaya masa. Shi ya sa ba ya tambaya. Tambaya ta jahilai ce, shi kuwa ya ga teku da idonsa, har ya ɗanɗana ya ce gishirin ya yi daidai.

A wannan shekara abokan tafiyarsa sun dawo da goro da yadin akoko. Abarshi kuwa, da yake ba ƙaramin mutum ba ne, ya juyar da hajarsa kaf ya sayo abu guda, wanda mutanen Ikko ke kira keke. Akawun da ya sayar masa ya so ya yi bayani, har ya miƙo wani ɗan bututu na hura ƙafafun. Abarshi ya ture hannunsa ya ce shi ba mabushi ba ne.

Keken ya shigo gari a bayan jaki, lulluɓe da zane kamar amarya. Da aka yaye, gari ya ruɗe. Mata na guɗa, tsofaffi na salati, masu saƙa sun bar zare a rana. Audi maroƙi ya cire hula ya kwarma: "Gagara-tsando! Mai dokin da ba ya neman dawa!" Kan Abarshi ya yi girma har rawani ya matse shi. Nan take ya ba Audi jakin kyauta, wai me mai dokin ƙarfe zai yi da mai dogon kunne.

Abin da yake nema ba ɓoyayye ba ne. Madugu Dabo, shugaban ayarin garin, ya tsufa, gwiwa ta ƙi, yana neman wanda zai miƙa wa sanda. Abarshi ya daɗe yana mafarkin sandar nan.

"Baba Madugu," in ji shi a bakin zango, yana kallon jama'a maimakon tsohon, "zamanin kofato ya wuce. Dajin nan namu ya cinye dawakai nawa? Nawa dokin kuwa, ƙudan tsando ba ya cizonsa, ƙishi ba ya kama shi. A kansa zan ja ayari ta Kakangi, in keta daji, in gaida Zazzau, in leƙa Kano, in ɓullo ta Katsina. In ban kai shi ƙofar Kano ba, a aske mini gemu a kasuwa!"

Dabo ya tauna goronsa a hankali. "To, ɗana. Ranar tashi ka hau ka riga jakuna zuwa rafi. Sanda taka ce."

Sai shiri. Ba a taɓa yi wa doki gata irin wannan ba. An kafa masa turke a inuwa, an ɗaure shi da igiya don kada ya ɓalle. An shafe shi da man kaɗe har ƙudaje na zamewa. An rataya layu a ƙahonninsa, an ɗinka wa ɗan sirdinsa jalala mai tuntaye. Huraira, matar Abarshi, ta daka dakuwar guzuri har tafin hannunta ya yi kanta. Safe da yamma maigida yakan fito ya kaɗa ƙararrawar sau ɗaya, unguwa ta ɗauki shewa, ya koma ciki da taƙama. Hawa kam bai taɓa yi ba. Ya ce ba ya son ya gajiyar da dabba kafin ranar aiki, kuma ai ya ga yadda akawu ke yi.

Ranar tashi hantsi ya dubi ludayi, gari kaf yana bakin zango, har da Fulanin da suka kawo nono. Abarshi ya fito cikin manyan riguna uku, murna na neman kashe shi. Ya durƙusa ya duba ƙafafun dokinsa, kamar yadda kowane masani ke yi kafin doguwar tafiya. Ya latsa ta gaba, ya ji ta tam. Ya latsa ta baya, haka. Ya miƙe fuska a murtuke.

"Jama'a, kun ga amfanin ilimi? Kumburi ne, ƙafa biyu, zagaye guda. Da wani ne da haka zai shiga daji da shi. A kira mini Jaji!"

Jaji makiyayi ne, shi ke yi wa shanu da jakunan garin sakiya in sun kumbura. Ya zo ya latsa, ya gyaɗa kai. "Wallahi maigida, ya nuna sarai. Wannan ko sa ne sai an fasa."

Aka hura wuta, aka sa ƙarfe ya yi ja. Abarshi da kansa ya riƙe ƙaho yana lallashi. Jaji ya yi bisimilla ya soka. Ƙafar ta yi wani dogon tsaki, kaji suka watse, wari ya tashi. Aka yi wa ta baya. Nan da nan kumburi ya sace, fata ta kwanta laƙwas.

"Kun ji ciwo na fita?" in ji Abarshi. Aka yi ta tafi.

Ya tattare riguna, ya ɗare sirdi, ya ɗaga ƙafafu biyu lokaci guda ya ce, "Mu je!" Doki ya yi ɗan tunani, sa'an nan ya kwanta da shi a cikin ƙwaryar nonon wata Bafulatana. Ya sake hawa, riga ta shige sarƙar keken. A na uku wani ya tura shi, ya yi taku kaɗan yana gurgur, ya rungumi dangar zango. Lokacin nan jakin ƙarshe ya riga ya sha ruwa a rafi.

Abarshi ya share kindirmo daga gemu ya bayyana wa jama'a cewa dabba tana bukatar jinya bayan sakiya, kowa ya sani. Dabo ya tofar da goronsa. Ya miƙa sanda ga Salmanu, wani mai jakuna da ba a taɓa jin muryarsa a taro ba.

Saura gemu. Rantsuwa ta ce a kai doki ƙofar Kano, ba ta faɗi wa zai ɗauki wani ba. Abarshi ya nemi Audi a asirce kan maganar jaki. Audi, yana bisa jakin, ya ɗaga murya: "Gagara-tsando! Kyautar manya ba ta komawa gida!"

Haka ayari ya shiga daji, Salmanu a gaba, Abarshi a can baya da gammo, keke a ka, layu na reto, ƙararrawa na kaɗa kanta a kowane tuntuɓe. A yi masa adalci dai, maganarsa ta tabbata. Har suka fita dajin nan tsando bai ciji dokin ba ko sau ɗaya. Na ƙasan ya samu, wanda hannuwansa biyu ke sama.